Rawaya Ba Ta Cikin Doka

A garinmu Tullabrook, idan ka hango mutum daga nesa yana tafiya wuyansa a karkace zuwa dama, ba sai ka tambaya ba, Lyle Kowald ne. Ba ciwo ba ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki a bakin kwalta, motoci suna taso masa ta bayan kafaɗar dama, har wuyan ya saba ya zauna a haka. A coci ma kujerar ƙarshe yake zama, ta jikin bango. Idan ya shiga shagon burodi yana miƙa hannu yana waiwaye, sai ka rantse kaza ya sato.

Mijin yayata ne. Ni ce Maxine, ƙanwar Noelene, kuma ni nake amsa wayar garejinsa shekara bakwai ke nan, tun da mai amsawar ta tafi.

Janwe ɗaya gare shi, kuma daga garinmu zuwa inda za ka sami wani janwen tafiyar kilomita ɗari da ashirin ce. Saboda haka duk wanda injinsa ya ƙone tsakanin gonakin alkama, ko ya kwashi wata dabba da gaban mota, Lyle zai gani. Farar mota ce mai faffaɗan baya, bayan yana karkatawa har ya taɓa ƙasa, a jawo matacciyar mota da wayar ƙarfe ta hau. A saman kanta akwai fitilu biyu masu juyawa, rawaya. A jikin ƙofa Noelene ta rubuta da fenti da hannunta: Kowald da Kowald. Allah bai ba su haihuwa ba, shi ya sa baƙi suke tambaya wane ne Kowald na biyun. Sai ta nuna Lyle da baki ta ce, "Ga shi can."

Tun asali shi ba mai magana ba ne, amma ni dai ba ya raga mini.

"Da surutu yana jan mota, Max, da na sayar da janwe na ɗaura miki sarƙa."

"Da shiru yana sa kyau, da kai ma an gani a fuskarka."

Noelene ta ce, "Ku kashe juna, amma a waje, na goge ɗaki."

Da kunne yake aiki. Ya ce mai janwe rabin rayuwarsa a kwance yake yin ta ƙarƙashin motar wani yana neman inda zai saƙala ƙugiya, to a nan ido me zai yi masa? Daga ƙarar taya yake sanin tirela ce ko ƙaramar mota, tana kan layinta ko ta fara lallaɓowa gefe. Wani abin da yake yawan faɗa shi ne, inda ido ya tafi nan mota take bi. Direba ya ga fitila tana juyawa, ya ga mota a mace, sai ya zuba mata ido, hannunsa kuma ya bi idon da sitiyari bai sani ba.

Ranakun Asabar da Lahadi Noelene takan rufe ofis, ta jefa waya a aljihu, ta hau kusa da shi. Idan sun isa sai ta jera jajayen robobin nan masu tsini a kan farin layi, ta tsaya can baya cikin rigarta mai ƙyalli tana fuskantar motocin da ke zuwa. Suna da kalma ɗaya a tsakaninsu. Idan ta ga mota ta karkato, ba ta ɓata lokacin kiran suna, sai ta ce, "Ciyawa!" Shi kuma duk abin da ke hannunsa ya sake shi, ya mirgina cikin ciyawar gefen hanya. Sau huɗu kalmar nan ta fitar da shi a cikin shekara ashirin da bakwai. A gida ma idan ya cika ta da gardama a kan tebur sai ta ce masa ciyawa, ya ɗauki kofinsa ya fita.

A lokacin akwai doka a jiharmu. Idan ka ga fitila ja ko shuɗiya tana juyawa a gefen hanya, dole ka sauko zuwa arba'in har ka wuce. Ja da shuɗi na ɗan sanda ne, da motar asibiti, da 'yan kwana-kwana. Rawaya ba ta ciki. Wato idan ɗan sanda yana tsaye yana rubutu a littafinsa, kowa ya lallaɓa. Da zarar ya kashe fitilarsa ya tafi ya bar mai janwe a kwance a kan tsakuwa, sai a koma ɗari. Ƙasar ɗaya ce, tsakuwar ɗaya ce, naman jikin ma ɗaya ne, amma dokar launi take kallo.

Wata Asabar ce cikin Fabrairu, wajen ƙarfe uku na rana. An riga an girbe alkama, fili fayau, kana ganin mota tun tana kamar ƙuda. Wasu mata da miji ne injinsu ya ƙone kilomita goma sha huɗu daga gari. Lyle ya saukar da bayan janwe ya shiga ƙarƙashin motarsu. Noelene tana baya. Wani malamin makaranta da ya yi ritaya, Colin Brereton, ya taho a motarsa mai ruwan toka daga gidan 'yar'uwarsa. Bai sha komai ba, ba ya waya, malejinsa yana kan casa'in da takwas. Kallo kawai ya yi.

Abin da Lyle ya gaya wa kotu daga baya bai wuce jimla biyu ba. Ya ce, "Ta ce ciyawa. Na yi ciyawa."

Sajan Pridham ne ya kira ni. Ko da na isa motar asibiti ta tafi da Noelene da minti kamar goma. Robobin nan sun watse har tsallaken hanya. Brereton yana zaune a ƙasa ya jingina da tayar motar 'yan sanda, bakinsa a buɗe. Lyle kuwa yana jan sarƙa. Ya riga ya jawo motar mutanen nan ta hau, yana ɗaure ta.

Na ce, "Lyle, me kake yi?"

"Ɗaure mota."

"Sun tafi da Noelene."

"Na gani."

"Ka gani? Ba za ka bi ta ba?"

"Bayan motar a ƙasa yake, Max. Ba a barin sa a ƙasa. Wani zai hau."

Ban san abin da na ce masa ba, Sajan Pridham dai ya riƙe mini hannu. Na bi motar asibiti ni kaɗai. Noelene ba ta kai asibitin da rai ba.

Lyle kuma ya kai motar mutanen nan gareji, ya sauke, ya koma. 'Yan sanda suna gama aune-aunensu Sajan ya ce masa ya kira janwen garin gaba ya zo ya ɗauki ta Brereton. Lyle ya ce, "Awa biyu kafin ya iso. Ga janwe a nan." Ya kwanta a ƙarƙashin motar da ta kashe matarsa, ya saƙala ƙugiya, ya jawo ta. An daɗe ana wannan zancen a Tullabrook. Wasu suka ce jarumta ce, wasu suka ce dutse ne a ƙirjinsa. Ni a lokacin ina cikin na biyun, kuma muryata ta fi ta kowa tashi.

Ranar jana'iza masu janwe suka zo daga ko'ina cikin jihar, na ƙirga arba'in da uku na bari. Haka al'adarsu take idan an rasa ɗaya daga cikinsu a bakin hanya. Aka ɗora akwatin a bayan janwen Lyle, aka ɗaure shi da madaurin da ake ɗaure taya. Suka jeru a baya, kowa ya kunna rawayarsa, aka fita daga coci aka hau babbar hanya zuwa maƙabarta. A wajenmu idan gawa tana wucewa, mai mota yakan kunna fitilun gaba ya tafi a hankali, na ƙasa kuma ya tsaya cak ya cire hula ya ɗora a ƙirji. Ranar nan har manyan tireloli sun lallaɓa. Manoma suka tsaya a bakin shinge, hula a hannu. Wani tsohon mai janwe da ya ɗauko ni a motarsa ya duba ta taga ya ce, "Yau dai sun ga rawaya."

Lyle bai yi kuka ba. Ya kwance madaurin, ya naɗe shi daidai, ya mayar cikin akwatin kayan aiki.

Kotu ta karɓe wa Brereton lasisi na wani lokaci, shi kuma bai sake taɓa sitiyari ba har ya koma wajen 'yarsa a birni. Motarsa ba wanda ya zo nema. Tana nan a ƙarshen filin gareji, kusa da tankin ruwa, fitilar hagu a fashe, bonet ya ɗan lotsa. Ɓarnar ba ta da yawa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da mai gyara ya samu, kwana biyu ya gama.

Wata huɗu ban yi wa Lyle magana ba. Sai wata rana na bi ta gaban garejin na ji waya tana ta ƙara, ba mai ɗauka. Wayar Noelene ce, na san ƙararta. Na shiga na ɗauka, wata mata ce tayarta ta fashe da yara a mota. Na rubuta inda take. Ina ɗagowa ga shi tsaye a bakin ƙofa. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Akwai shayi a flas. Kujerar tana cizo idan kin jingina." Ke nan sulhunmu, kuma tun ranar nake zaune a kujerar.

A nan na gane ba dutse ba ne. Dutse ai yana ɗaukar zafi idan rana ta buga shi. Shi babu abin da yake isa gare shi. Zai sayo burodi mai nama a ciki da safe, ya manta da shi a kan injin, ya ci da yamma a sanyaye. Wata rana ya dafa salansar mota mai zafi da hannu, sai da na ji ƙauri na ce, "Lyle, hannunka," sannan ya ɗaga ya duba kamar na wani ne. Na yi ta tsokanarsa ko zai rama irin na da. Na ce masa ya tsufa, na ce masa gemunsa kamar tsintsiyar bayan gida. Ko a jikinsa. Sai ya ce, "Haka ne," ya wuce.

Na ce masa ya kai motar nan wajen 'yan gwangwan a murƙushe ta, na gaji da ganin ta ta taga.

Ya ce, "Ranar da aka sa rawaya a doka."

"Idan ba a sa ba fa?"

"To tana nan."

Duk Litinin ɗin farko ta wata sai ya zauna ya rubuta wa ma'aikatar hanyoyi takarda. Ni nake buga masa, domin rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan laka. Layi ɗaya ne kullum: ina roƙo a sa fitilar rawaya a cikin dokar arba'in. Ni kuma in ƙara nawa, in zuba musu abin da ke cikina shafi guda. Ya karanta har ƙarshe, ya ja layi a kan nawa duka, ya sa hannu a ƙarƙashin nasa. Amsa tana zuwa kuwa, a kan takarda mai kauri. An gode, ana jajantawa, ana nazari. Na cika aljihun tebur guda da nazari.

A shekara ta huɗu suka turo mutum. Sunansa Halloran, daga birni, da kwat da jaka. Aka yi taro a zauren gari da rana, masu janwe kamar goma suka zo, da wasu manoma da suka ji akwai shayi da kek. Gaskiya ba mugu ba ne. Ya fara da gaisuwar mutuwa, kuma ya faɗi sunan Noelene daidai. Sannan ya haska lissafinsa a bango.

Ya ce sauya kalma ɗaya a doka ba kalma ɗaya ba ce. Sai an canja allunan hanya wajen ɗari shida. Sai an yi talla a rediyo da talabijin wata da watanni, don ba a cin mutum tara a kan abin da ba a gaya masa ba. Sai an sake buga littafin koyon tuƙi, a sake koya wa 'yan sanda. Ya ce abin zai haura dala miliyan uku, kuma ba a ware su ba. Ya ce akwai kuma tsoron ƙaramar mota ta taka birki tirela ta hau ta ta baya, wannan kam masu janwen da kansu suka gyaɗa kai. Da a nan ya tsaya, da mun sha shayi mun watse. Sai ya haska shafi na ƙarshe. Ya ce rawaya ta fi ja da shuɗi yawa a hanya nesa ba kusa ba, kuma duk motar da ta sauko daga ɗari zuwa arba'in ta koma, ta yi asarar daƙiƙa goma sha ɗaya. Idan aka tara na jiha duka a shekara, aka mayar da lokacin kuɗi, wannan ya fi allunan tsada.

 Lyle ya ɗaga hannu daga kujerar ƙarshe.

"Goma sha ɗaya ka ce?"

"Kusan haka, Mista Kowald."

"Nawa ke nan, ga mota ɗaya?"

Halloran ya duba takardunsa, wuyansa ya yi ja. Ya ce, "Ba a cika lissafa shi haka ba. Ga ƙaramar mota dai, santi biyar ko shida."

Lyle ya ce, "To," ya sauke hannu.

Ni ce ban iya ba. Na buɗe jaka na lalubo kwabon santi goma, na je har gaban teburin na buga masa shi. Na ce, "Ga na Brereton. Riƙe canjin, ka sha ruwa a hanya." Kwabon ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin kujeru. Na fita. Ina tsaye a jikin mota sai ga Lyle ya fito da hularsa, ya miƙo mini hannu.

"Kuɗinki ya faɗi, Max."

Na karɓa, me zan yi? Har yau yana cikin jakata.

Bayan nan ya ci gaba da takardunsa, ni kuma na daina ƙara nawa. Motar Brereton ta zauna a kan tayoyinta har suka sace suka tsattsage. Gizo-gizo ya yi gida a madubi. Wata kyanwa ta haihu a kujerar baya sau biyu. Lyle yana yanke ciyawar filin duk mako biyu, ya zagaye motar, bai taɓa dafa ta ba.

A shekara ta bakwai motoci suka kashe wasu masu janwe biyu a can kudu, wata ɗaya tsakani, ga kuma zaɓe ya ƙarato. Kuɗin da ba a ware ba sai ga su. Majalisa ta zauna rabin yini ta ƙara kalmar. Ihu bayan hari, amma dai an yi. Aka fara kafa sababbin alluna, rediyo ya ishe mu da waƙar a rage gudu. Suka kira a waya suna so Lyle ya je birni a ɗauki hoto da manya. Na rufe bakin wayar na gaya masa. Ya ce, "Wace rana?" Na ce Alhamis. Ya ce, "Ina da tarakta a gonar Nitschke ranar Alhamis." Haka na gaya musu.

Dokar ta fara aiki ranar ɗaya ga Yuli, tsakiyar sanyi a wajenmu. Na zo da safe na tarar ya juya janwe ya saukar da baya a gaban motar Brereton. Ya sa safar hannu ya leƙa ƙarƙashi tukuna saboda gizo-gizo mai dafi, sannan ya kwanta ya saƙala ƙugiya. Tayoyin sun ƙi juyawa, haka wayar ta ja ta tana kartar ƙasa har ta hau. Inda ta tashi ƙasa ce baƙa, tsirara, daidai girman mota.

Ya ce, "Ki zo."

"Wa zai amsa waya?"

"Sa ta a aljihu."

Ban taɓa zama a wannan kujerar ba. Rigar Noelene mai ƙyalli tana rataye a bayanta, na sauko da ita na ɗora a cinya. Wajen 'yan gwangwan tafiyar kilomita sittin ce. Hazo ya kwanta a kan gonaki, alkama ta fito kore shar, ana ɗan yayyafi, kowace mota ta kunna fitilun gaba. 

Lyle yana da wata al'ada. Duk kayan da ya ɗauka, idan ya yi kilomita goma sai ya tsaya ya duba sarƙa, domin girgizar hanya tana sa ta saki. Ranar ma haka ya yi. Kada wani ya ƙawata labarin, ba a wurin da abin ya faru ba ne, da sauran kilomita huɗu. Wuri ne kawai mai faɗin gefe. Ya sauka daga kwalta, ya kai hannu sama ya kunna rawaya bai ko duba ba.

Ya ce, "Sa rigar. Tsaya a baya, ki fuskance su. Kin san kalmar?"

"Na sani."

Na tsaya inda yayata take tsayawa. Kalmar tana bakina ina ta juya ta kada ta ɓace. Shi kuma ya sunkuya a gefen da motoci suke bi, ya ba hanya baya, ya kama sarƙa.

Fitilu suka ɓullo cikin hazo. Tirelar tumaki ce a gaba. Na ji injinta ya canja murya, ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa. A bayanta ƙananan motoci sun jeru, biyar ko shida, duk da fitila a kunne. Suka taho a hankali, har ina jin ruwa yana tsartuwa a ƙarƙashin tayoyi, har ina jin kukan tumakin.

Na ga bayan Lyle ya tsaya. Ya saki sarƙar. Ya miƙe, ya juyo ya fuskanci hanya, ya haɗa ƙafafunsa. Ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji, yayyafi yana sauka a kan sanƙonsa. Tirelar ta wuce. Motoci suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, yana bin kowace da ido, yana leƙa ta baya kamar yana neman wata. Da ta ƙarshe ta wuce sai ya juyo gare ni.

"Max, wa ya mutu?"

Da farko ban gane ba. Can sai na gane. Shekara talatin da huɗu kunnensa yana bakin hanya, sau ɗaya tak ya taɓa jin motoci sun yi wannan tafiyar kusa da janwensa babu ɗan sanda a wurin.

Na ce, "Babu kowa, Lyle. Dokar ce. Kai suke yi wa."

Bai mayar da hular ba. Wata motar ta taho, akori-kura ta wani manomi da kare a baya. Ita ma ta sauko. Tafiyar ta yi sanyin da muka ga fuskarsa sarai, da kofin da ke hannunsa. Ya ɗaga wa Lyle yatsa ɗaya daga kan sitiyari, irin gaisuwarmu, ya wuce, can gaba ya taka ya ɓace cikin hazo. Ban yi niyya ba, amma na ƙirga. Ban ma kai goma sha ɗaya ba.

Lyle ya daɗe yana kallon inda motar ta bi. Sannan ya ɗaga kai ya dubi motar Brereton a sama, da fasasshiyar fitilarta.

Ya ce, "Ashe suna iyawa."

Ni na yi kukan. Na yi shi a tsaye cikin rigar yayata, fuskata tana hanya, don ban yarda in juya baya ba. Shi ya koma ga sarƙarsa. Ya daɗe a sunkuye yana laluben ƙugiya a ƙasa, tana hannunsa na hagu.

Mun kai motar. Bai tsaya ganin an murƙushe ta ba, ya ce akwai mai jira a hanyar Tullabrook, alhali wayar tana aljihuna ba ta yi ƙara ba.

Yanzu wata takwas ke nan. Waƙar rediyo ta ƙare, kuma a ƙiyasina rabin direbobi sun koma ɗarinsu. Ranakun Asabar da Lahadi nakan rufe ofis in bi shi. Waɗanda suke wucewa da gudu ba sa damun sa, ya san su, kunnensa yana tare da su. Masu bin dokar ne matsalarsa. Duk lokacin da jerin motoci suka sauko arba'in, sai in ga hannunsa ya saki aiki ya tafi ga hula. Wani lokaci yakan tuna a rabin hanya, ya sosa kai ya koma aiki. Wani lokaci kuma sai ya cire ta, ya tsaya har su gama wucewa.